Younis Khan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hawa da Gangarar Ɗan Pashtun a Fagen Kurket

Kurket ba wasan da ya samu gindin zama a ƙasar Hausa ba ne, amma a Pakistan da Indiya da Afghanistan shi ne abin da ke hana mutane barci. Wannan shafi ya tattara tambayoyin da mai karatu zai iya yi game da Younis Khan, mutumin da ya fi kowa tara wa Pakistan maki a wasan kwana biyar, da kuma al'ummar da ya fito daga cikinta, wato Pashtun.

Wane ne Younis Khan?

Haifaffen garin Mardan ne, a arewa maso yammacin Pakistan, lardin da a yau ake kira Khyber Pakhtunkhwa. Takardunsa sun ce an haife shi ranar 29 ga Nuwamban 1977, ko da yake shi da bakinsa ya taɓa cewa 1975 ce ainihin shekarar. Ya yi wa ƙasarsa wasa daga 2000 zuwa 2017. A wasan kwana biyar ya buga wasanni 118, ya tara maki 10,099, ya kai maki ɗari a bugu ɗaya sau 34. Babu wani ɗan Pakistan da ya kai maki dubu goma kafinsa. Shi ne kuma kyaftin ɗin da ya ɗauko wa Pakistan kofin duniya na T20 a 2009.

Wannan mutumin dai shi ne aka sha ajiyewa a benci, ya ƙi karɓar kyaftin fiye da sau ɗaya, aka zarge shi da sayar da wasa ba tare da hujja ba, kuma hukumar kurket ta ƙasarsa ta dakatar da shi watanni tara kacal bayan ya kawo mata kofi.

Ban san kurket ba. Me waɗannan alƙaluma suke nufi?

Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da 'yan wasa goma sha ɗaya. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗaya tana bugu. Mai jifa yana so ya kada sanduna uku da ke tsaye bayan mai bugu, ko ya sa shi ya buga ƙwallo sama a cafe. Mai bugu kuwa yana kare sandunansa, yana kuma neman maki. In ƙwallo ta gangara har iyakar fili maki huɗu ne, in ta tsallake ta sama shida. Kuskure ɗaya ya isa a fitar da mutum, kuma in an fitar da shi sai ya koma ya zauna har zubi na gaba.

Wasan iri uku ne. Akwai Tes, na kwana biyar, inda kowace ƙungiya ke yin bugu sau biyu, wato zubi biyu. Akwai na yini ɗaya. Sai T20, wanda ake gamawa cikin kamar awa uku. Masana wasan sun fi girmama na kwana biyar, don a nan ne ake gwada haƙurin mutum: sai ka yini a rana kana fuskantar ƙwallo mai tauri da ake jefowa da gudun da ke kai kilomita 140 a awa. Mai bugun da ke samun matsakaicin maki hamsin a kowane fita ana sa shi cikin manya. Na Younis ya ɗan haura 52.

Su wane ne Pashtun?

Al'umma ce mai magana da harshen Pashto, Musulmi ne, kuma ƙasarsu ta haɗa kudanci da gabashin Afghanistan da arewa maso yammacin Pakistan. A 1893 Turawan Ingila da sarkin Afghanistan Abdur Rahman Khan suka shata iyakar da ake kira Layin Durand, mai tsawon kimanin kilomita 2,600, wadda ta ratsa tsakiyar ƙasar Pashtun ta raba dangi gida biyu. Su ne ƙabila mafi yawa a Afghanistan, su ne na biyu a Pakistan, amma a ƙidaya waɗanda ke Pakistan sun fi na Afghanistan yawa. Sun kasu zuri'a-zuri'a: Afridi, Yusufzai, Khattak, Shinwari, Durrani, Niazi da sauransu.

Suna da tsarin ɗabi'a da suka gada, Pashtunwali. A cikinsa akwai karrama baƙo, da ba wa wanda ya nemi mafaka mafaka ko da abokin gaba ne, da ramuwa, da sasanta rigima a majalisar dattawa ta jirga. Abin da ya ɗaure su duka shi ne mutunci. A wannan tarbiyya, a ci zarafin mutum a bainar jama'a ya fi a ƙwace masa dukiya zafi. Duk wanda zai fahimci Younis sai ya riƙe wannan.

Yaya ya fara?

Yana yaro iyalinsa suka koma Karachi, inda mahaifinsa ke aiki a kamfanin ƙarafa na gwamnati. Karachi cike take da 'yan Pashtun da suka gangaro neman abinci, direbobin manyan motoci da leburori da masu gadi da 'yan kasuwa. A can ya koyi wasa, a kulob ɗin Malir Gymkhana, inda tsohon ɗan wasan ƙasa Rashid Latif ya riƙe hannunsa. Amma bai samu gurbi a ƙungiyar birnin ba, sai da ya koma arewa ya buga wa Peshawar sannan aka san da shi.

A wasansa na farko na kwana biyar, da Sri Lanka a Rawalpindi a 2000, ya ci 107. Bayan nan abin bai tafi sumul ba. Shekaru huɗu yana shiga yana fita, yau a kira shi, gobe a ajiye shi. Yana cikin tawagar da aka kora tun zagayen farko a gasar kofin duniya ta 2003, kuma bayanta ya daɗe a waje.

To yaushe ƙafarsa ta kafu?

A 2005, a ƙasar Indiya. Koci Bob Woolmer, Bature ɗan Ingila da ya karɓi Pakistan a 2004, shi ya yarda da shi, ya ba shi matsayi na uku a jerin masu bugu, wurin da ake sa wanda aka fi dogara da shi. Younis ya je Indiya a matsayin mataimakin kyaftin, kuma wasan farko a Mohali bai yi abin kirki ba, har aka fara cewa a cire shi. A Kolkata ya ci 147. A Bangalore kuwa ya ci 267 a zubin farko, shi da kyaftin Inzamam-ul-Haq suka haɗa maki 324 tare, ya ƙara 84 a zubi na biyu ba a fitar da shi ba. Pakistan ta ci wasan, aka tashi jerin kunnen doki, ɗaya da ɗaya.

A daidai wannan lokaci da sunansa ke tashi, gidansu yana cikin makoki. Tsakanin 2005 da 2006 ya rasa mahaifinsa da yayyensa maza biyu. Sai kuma a Maris ɗin 2007, kwana ɗaya bayan Ayalan ta fitar da Pakistan daga gasar kofin duniya, aka tsinci Woolmer a ɗakinsa na otal a Kingston ta Jamaika rai a hannun Allah, kuma bai tashi ba. 'Yan sanda suka fara binciken kisa, aka yi wa 'yan wasan tambayoyi, aka ɗauki hoton yatsunsu, kafin daga baya 'yan sandan su ce mutuwar ba kisa ba ce. Younis ya ɗauki Woolmer tamkar uba, kuma wannan al'amari ya daɗe yana cin sa.

Me ya sa ya riƙa ƙin zama kyaftin, alhali kowa nema yake yi?

A ƙarshen Satumban 2006 an dakatar da Inzamam wasanni huɗu, aka ce Younis ya riƙe ƙungiyar a gasar zakarun ƙasashe da za a yi a Indiya. Ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ba zai zama kyaftin na jeka-na-yi-ka ba. Cikin kwana biyu shugaban hukumar, Shaharyar Khan, ya sauka, sabon shugaba Nasim Ashraf ya lallashe shi ya dawo. Bayan kofin duniya na 2007 aka sake miƙa masa muƙamin dungurungum, ya ce a kai kasuwa, yana mai nuni da irin wulaƙancin da aka yi wa 'yan wasa da suka dawo gida.

Wasu sun kira wannan girman kai. Ni ina ganin mutum ne da ba ya son a ba shi rawani a riƙe wuyansa. Sai a farkon 2009 ya amince ya karɓa.

Me ya faru a 2009?

Shekarar da ta haɗa masa zuma da maɗaci ke nan. A Fabrairu, wasansa na farko na kwana biyar a matsayin cikakken kyaftin, ya ci 313 a kan Sri Lanka a Karachi. Ranar 3 ga Maris, ana tsakiyar wasa na biyu a Lahore, 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Sri Lanka wuta a hanyarsu ta zuwa filin Gaddafi. 'Yan sanda shida da fararen hula biyu suka mutu, 'yan wasa da dama suka ji rauni. Motar 'yan Pakistan ta tsira ne saboda ba ta tashi daga otal tare da ta baƙin ba a wannan safiya. Daga ranar ƙasashe suka daina zuwa Pakistan wasa.

A watan Mayu sojoji suka ƙaddamar da yaƙi da 'yan Taliban a kwarin Swat, mutane wajen miliyan biyu suka bar gidajensu. Da yawansu Mardan suka nufa, garin su Younis, kuma mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba. Mutanen gari ne suka buɗe musu ɗakunansu da makarantu da zaurukan baƙi. Karrama baƙon da ake faɗa a Pashtunwali a nan aka gan shi a aikace.

Cikin wannan hali tawagar ta tafi Ingila gasar T20. Ta fara da shan kashi a hannun masu masaukin baƙi. Daga nan 'yan arewa maso yamma uku, Younis da Umar Gul da Shahid Afridi, suka ɗauki nauyin. Umar Gul ɗan Peshawar ya fitar da 'yan New Zealand biyar da maki shida kacal aka ci a kansa. Shahid Afridi ya zama gwarzon wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Ranar 21 ga Yuni a filin Lord's na Landan, Sri Lanka ta tara 138, Afridi ya ci 54 ba a fitar da shi ba, Pakistan ta ɗauki kofi. Younis ya sadaukar da nasarar ga Woolmer, ya ce kyauta ce ga al'ummar ƙasarsa, kuma a nan take ya sanar da barin T20.

Wanda ya ci kofi a Yuni, ya aka yi aka dakatar da shi a Maris?

A farkon Oktoba aka yi wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun ƙasashe a Johannesburg, da New Zealand. Younis ya shiga gasar da karyayyen ɗan yatsa. Grant Elliott ya ɗaga ƙwallo a hankali ta zo masa daidai hannu, irin wadda ya cafe sau ba adadi, sai ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Elliott ya tsaya har ya kai ƙasarsa ga nasara. Da aka dawo gida, shugaban kwamitin wasanni na majalisar dokoki, Jamshed Dasti, ya yi zargin cewa da gangan aka zubar da wasanni. Aka kira Younis gaban kwamitin. An wanke shi, amma ya miƙa takardar murabus a wurin, don a ganinsa kiran da aka yi masa kaɗai ya isa cin mutunci.

Hukuma ta ƙi karɓar murabus ɗin, ya dawo. Wata guda bayan haka, da New Zealand ta doke su a Abu Dhabi, ya nemi hutu, yana cewa 'yan wasan sun daina jin maganarsa. An yi ta ba da rahoton cewa wasu manyan 'yan wasa sun haɗa baki don a sauke shi. A Maris ɗin 2010, bayan mummunar tafiyar Ostireliya inda Pakistan ba ta ci wasa ko ɗaya ba, hukuma ta dakatar da shi da Mohammad Yousuf har sai abin da hali ya yi, bisa zargin rashin jituwarsu ta lalata ƙungiya. An soke hukuncin a watan Yuni, amma aka ƙi ɗaukarsa, saboda shugaban hukumar na lokacin, Ijaz Butt, yana jiran ya zo su daidaita, shi kuma yana ganin bai yi laifin da zai ba da haƙuri ba. Haka ya rasa wasannin bazarar Ingila duka.

Shin jininsa na Pashtun ne ya jawo masa waɗannan rigingimu?

Haka mutane da yawa suke faɗa a Pakistan, kuma maganar tana buƙatar a tsaya a kanta. Akwai wani hoto da aka daɗe da zana wa 'yan Pashtun, tun zamanin da Turawan mulkin mallaka suka sa su cikin ƙabilun da suka ce an halicce su don yaƙi: ƙarfi, zafin zuciya, gaskiya tsirara, amma ba dogon tunani. A biranen Punjab da Karachi har barkwanci ake yi da su a kan haka. Don haka duk lokacin da Younis ya fusata ya ajiye muƙami, sai a ɗaga kafaɗa a ce ai ɗan Pathan ne, wato Pashtun, haka suke. Wannan magana tana sauke wa hukuma nauyi. In laifin jini ne, to ba sai an tambayi dalilin da ya sa aka kira kyaftin mai karyayyen yatsa gaban majalisa ba, ko dalilin da ya sa aka dakatar da mutum ba tare da an bayyana masa laifinsa dalla-dalla ba.

Ba a musun cewa yana da saurin fushi, kuma akwai lokutan da ya yanke hukunci cikin zafi wanda ya cutar da shi da ƙungiyarsa. Ba a kuma musun cewa tarbiyyar da ta fifita mutunci a kan muƙami ta yi tasiri a kansa. Amma masu wancan hoto ba su da abin cewa game da ɗaya ɓangaren. Mutumin da ya shafe fiye da awa goma sha biyu a fili kafin ya tara 313 ba za a ce masa marar haƙuri ba. Zubi na huɗu shi ne mafi wuya a wasan kwana biyar, lokacin da fili ya tsattsage, ƙwallo tana karkacewa yadda ta ga dama, kuma Younis ya kai ɗari sau biyar a irin wannan zubi, abin da babu wanda ya yi kafinsa. Wannan aikin lissafi ne da natsuwa. Taurin kan da ya hana shi durƙusa wa shugabannin hukuma, shi ne dai ya hana shi miƙa wuya ga masu jifa.

Ina bambancinsa da Shahid Afridi?

Kamar sama da ƙasa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba hali ɗaya Pashtun suke da shi ba. Afridi, ɗan yankin Khyber wanda shi ma ya girma a Karachi, ya ci ɗari da jifa 37 kacal a Nairobi a 1996, karo na farko da ya yi wa ƙasarsa bugu. Shi ɗan kallo ne, ko ya buga shida ko a fitar da shi, kuma jama'a na ficewa daga fili da zarar ya fita. Ya buga wasan yini ɗaya 398 amma na kwana biyar 27 kawai. Ya sha sanar da ritaya yana dawowa, kuma a 2010 kyamara ta kama shi yana cizon ƙwallo a Perth, aka dakatar da shi wasa biyu. Afridi ya fi farin jini nesa ba kusa ba. Younis ya fi shi abin da za a dogara da shi.

Yaya ya dawo?

Da ɗari, kamar yadda ya saba. A Nuwamban 2010 ya ci 131 ba a fitar da shi ba a Dubai, ya hana Afirka ta Kudu nasara. Daga nan shi da sabon kyaftin Misbah-ul-Haq suka zama ginshiƙan ƙungiyar na tsawon shekaru kusan bakwai.

A 2014 aka cire shi daga tawagar yini ɗaya, ya fito ya caccaki masu zaɓe a fili. Makonni kaɗan bayan haka ya fuskanci Ostireliya a wasanni biyu na kwana biyar, ya ci 106, da 103, da 213, da 46, jimillar maki 468, Pakistan ta doke Ostireliya a jeri karo na farko cikin shekara ashirin. A Yulin 2015 a Pallekele, Sri Lanka ta gindaya musu 377, ya ci 171 ba a fitar da shi ba suka cim mata. A Oktoban shekarar ya wuce maki 8,832 na Javed Miandad.

A Ingila a 2016 ya yi wasanni uku yana tsalle-tsalle a gaban sanduna kamar wanda bai taɓa riƙe sanda ba, 'yan jarida suka ce tsufa ya kama shi. Tsohon kyaftin ɗin Indiya Mohammad Azharuddin ya ba shi shawara ta waya ya ja da baya ya tsaya cikin layinsa. A filin Oval ya ci 218, aka tashi biyu da biyu, kuma a watan Agustan Pakistan ta hau matsayi na ɗaya a duniya. A Janairun 2017 ya ci 175 a Sydney, ya zama na farko da ya kai ɗari a dukan ƙasashe goma sha ɗaya da suka karɓi wasan kwana biyar a lokacin. Ya cika dubu goma a Jamaika a watan Afrilu, ya yi ritaya tare da Misbah a tsibirin Dominika a watan Mayu.

Duk waɗannan bai yi ko ɗaya a gaban jama'arsa ba. Bayan harin Lahore, Pakistan ta mayar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa gida, ana wasa a filayen da galibi kujerunsu wayam suke. Ba a sake wasan kwana biyar a Pakistan ba sai Disamban 2019, shekara biyu da rabi bayan ya ajiye sanda.

Yanzu akwai 'yan Pashtun da yawa a kurket ɗin Pakistan?

Sosai. A da Lahore da Karachi ne ke riƙe da wasan. Imran Khan, ɗan zuri'ar Niazi da ya ɗauko kofin duniya a 1992, a Lahore ya tashi. Yanzu kuwa daga ƙauyukan arewa maso yamma ake samun taurari: Shaheen Shah Afridi daga Landi Kotal, Mohammad Rizwan daga Peshawar, Naseem Shah daga Dir, Yasir Shah daga Swabi, da Fakhar Zaman daga yankin Mardan, wanda ya ci 114 ranar da Pakistan ta doke Indiya a wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙasashe a 2017. Yawancinsu da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif suka fara, a kan titi ko busasshen kwari.

In Pakistan ta haɗu da Afghanistan, ina 'yan Pashtun suke tsayawa?

Kowa bayan tutarsa, kuma abin yakan yi zafi. Kurket ɗin Afghanistan a sansanonin 'yan gudun hijira da ke kewayen Peshawar aka haife shi, irin su Kacha Garhi. A 2008 ƙungiyar tana rukuni na biyar na duniya, a 2017 ta samu izinin buga wasan kwana biyar, a 2024 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na T20. Manyan 'yan wasanta irin su Rashid Khan da Mohammad Nabi sun yi ƙuruciya a Pakistan.

Duk da haka an yi faɗa tsakanin magoya baya a Leeds a 2019, an kuma yi a Sharjah a 2022, ranar da Naseem Shah, mai jin Pashto kamar abokan hamayyarsa, ya buga shida biyu a jere a zagayen ƙarshe ya ƙwace wasan. A Oktoban 2023 Afghanistan ta doke Pakistan a Chennai, karo na farko a wasan yini ɗaya, kuma Ibrahim Zadran ya sadaukar da kyautarsa ta gwarzon wasa ga 'yan Afghanistan da Pakistan ke kora gida a lokacin.

Me Younis yake yi tun da ya bar wasa?

Koyarwa, kuma a nan ma zamansa da hukumar Pakistan bai daɗe ba. An naɗa shi kocin masu bugu a 2020, suka rabu a Yunin 2021 tun wa'adin bai cika ba. A 2022 ya yi aiki da 'yan wasan Afghanistan a sansanin horo a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma a 2025 hukumar kurket ta Afghanistan ta ɗauke shi mai ba da shawara a gasar zakarun ƙasashe da Pakistan ta karɓi baƙunci. A wannan gasa, ranar 26 ga Fabrairu a filin Gaddafi na Lahore, Ibrahim Zadran ya ci 177, Afghanistan ta doke Ingila ta fitar da ita daga gasar.